Kalidas: Darasi daga fim ɗin Tamil na farko mai magana

Duk lokacin da aka ambaci fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne birnin Bombay da harshen Hindi da jarumai irin su Amitabh Bachchan da Dharmendra. Amma Indiya ƙasa ce mai tarin harsuna, tsarin mulkinta kaɗai ya lissafa guda 22, kuma da yawa daga cikinsu kowanne na da tasa masana'antar fim mai zaman kanta. Ɗaya daga cikin mafiya girma ita ce ta harshen Tamil, wadda cibiyarta ke birnin Madras, wanda ake kira Chennai tun daga 1996. Yawancin finafinan faɗa da matasanmu ke kallo an fassara su da Hausa daga can kudancin Indiya suke fitowa, wato daga masu Tamil da masu Telugu, ko da yake mu duk Indiya muke ce musu. Ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga tushen wannan masana'anta, domin a cikin labarin fim ɗinta na farko mai magana akwai batutuwa uku da suka dame ni a matsayina na ɗalibin harshe: matsayin waƙa a fim, da mallakar harshe, da adana tarihi.

Tamil harshe ne daga dangin harsunan Dirabidiya, ba shi da dangantakar asali da Hindi. Masu magana da shi sun haura miliyan 70, kuma baya ga jihar Tamil Nadu, harshen hukuma ne a Siri Lanka da Singafo. Adabinsa ya kai kimanin shekara dubu biyu, yana da tsohon littafin nahawu mai suna Tolkappiyam, sannan a 2004 ya zama harshe na farko da gwamnatin Indiya ta ba matsayin daɗaɗɗen harshen adabi. Mutanen da ke da irin wannan gado ba sa wasa da harshensu, har zanga-zanga suka yi a ƙarshen shekarun 1930 da kuma a 1965 don ƙin yarda a tilasta musu Hindi. Saboda haka abin mamaki ne a ce fim ɗinsu na farko mai magana ba a ƙasarsu aka yi shi ba, kuma ba da harshensu zalla ba.

Ga yadda abin ya kasance. A ranar 14 ga Maris, 1931, wani ɗan kasuwa Bafarishe mai suna Ardeshir Irani, mai kamfanin Imperial a Bombay, ya fitar da Alam Ara, fim na farko mai sauti a Indiya. Kasuwar da fim ɗin ya yi ta nuna masa cewa akwai kuɗi a harsunan kudu ma. Sai ya ɗora wa mataimakinsa H. M. Reddy, mutumin kudu, aikin shirya wani fim. A lokacin babu ɗakin ɗaukar sauti a Madras, don haka 'yan wasan ne aka kwaso zuwa Bombay, aka yi amfani da wuraren da aka kafa don Alam Ara. Marubuta tarihin fim sun ruwaito cewa cikin kwana takwas aka gama ɗauka, an kashe rupi 8,000, fim ɗin kuma ya kawo kusan rupi 75,000. An fara nuna shi ranar 31 ga Oktoba, 1931, a gidan sinima na Kinema Central da ke Madras. An kuma ruwaito cewa ranar da akwatin fim ɗin ya sauka a tashar jirgin ƙasa, jama'a suka yi masa rakiya zuwa sinima suna watsa furanni suna ƙona turare, kamar an kawo amarya.

Labarin ba sabo ba ne ga masu kallo. Almara ce a kan Kalidasa, shahararren mawaƙin harshen Sanskirit wanda ya rubuta Shakuntala. Wani waziri ya so gimbiya ta auri ɗansa, ta ƙi. Don ya huce haushi, sai ya nemo wani makiyayi jahili, wanda aka tarar yana saran reshen da yake zaune a kai, ya yi dabara aka aura mata shi. Da ta gano, sai ta kai kukanta ga Kali, ɗaya daga cikin ababen bautar mabiya addinin Hindu, makiyayin kuwa ya wayi gari fasihi. Ƙungiyoyin wasan daɓe sun daɗe suna yawo da wannan labari gari-gari, kuma daga cikinsu aka ɗauko tauraruwar fim ɗin, T. P. Rajalakshmi, mutuniyar yankin Tanjabur, wadda aka aurar tun tana yarinya, auren ya mutu, talauci ya tura ta wasan kwaikwayo. Ita ce daga baya, a 1936, ta rubuta kuma ta ba da umarnin fim mai suna Miss Kamala, ta zama mace ta farko da ta yi haka a kudancin Indiya.

Batu na farko shi ne waƙa. An ruwaito cewa Kalidas na ɗauke da waƙoƙi kusan hamsin. Alam Ara bakwai kawai gare shi, amma Indrasabha da ya fito a 1932 ya kai wajen saba'in. Mai kallon zamani zai ce wannan ai hauka ne, ina labarin zai sami wurin numfashi? Sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a san daga ina abin ya taso. Wasan daɓen Tamil na wancan zamani da waƙa ake yin sa. Ɗan wasa kan shigo da waƙa, ya yi gardama da waƙa, ya yi kuka da waƙa, kuma idan ta yi wa 'yan kallo daɗi sai su sa a maimaita. Ba a ɗaukar mutum ɗan wasa sai muryarsa na kaiwa ƙarshen rumfa ba tare da lasifika ba. Finafinan bebaye da aka yi ta yi a Madras tun daga Keechaka Vadham na R. Nataraja Mudaliar sun hana waɗannan mutane amfani da babban makaminsu. Da sauti ya zo, sai wasan daɓe ya tattara kayansa kaf ya shige cikin fim. Yawancin waƙoƙin nan kuma gajeru ne, baiti ɗaya ko biyu da ke tsayawa a madadin zance. Mutanen Madras ba su biya kuɗi don su ga hoto na motsi ba, sun riga sun saba da wannan. Sun biya ne don su ji hoton ya rera abin da suka sani.

Yadda ake ɗaukar sautin ma ya taimaka wajen tsara irin waƙar. A shekarun farko hoto da murya tare ake ɗaukar su, lokaci guda. Ɗan wasa da bakinsa yake rerawa a gaban kyamara, makaɗa da harmoniya da ganguna suna laɓe a inda ba za a gan su ba, makirfo kuma a ɓoye kusa da shi, don haka ba ya iya yin nisa. Idan murya ta shaƙe ko makaɗi ya kuskure, sai a sake daga farko, fim kuwa tsada gare shi. Wurin aikin Irani yana kusa da layin dogo, shi ya sa aka ɗauki yawancin Alam Ara da tsakar dare bayan jirage sun daina wucewa. Dabarar a naɗi waƙa daban ɗan wasa ya riƙa motsa baki ba ta shigo Indiya ba sai 1935, a fim ɗin Dhoop Chhaon na Kalkata, ta kuma iso Tamil a 1938 da fim ɗin Nandakumar na A. V. Meiyappan. Kafin nan, kuma har zuwa wasu shekaru bayan nan, mawaƙi shi ne sarki. K. B. Sundarambal an biya ta rupi 100,000 don ta fito a Nandanar a 1935, kuɗin da ya ninka abin da aka kashe wa Kalidas gaba ɗaya fiye da sau goma sha biyu. M. K. Thyagaraja Bhagavathar kuwa, fim ɗinsa Haridas na 1944 ya yi mako 110 ana nuna shi a sinimar Broadway ta Madras, kuma waƙoƙin da Papanasam Sivan ya rubuta su ne suka riƙe shi.

Waƙoƙin Kalidas ba duka ne suka shafi labarin gimbiya da makiyayi ba. Akwai na gargajiyar kiɗan Karnatik, ciki har da na Tyagaraja, akwai kuma na kishin ƙasa waɗanda Madhurakavi Bhaskaradas ya rubuta, har da wadda ke yabon mazarin kaɗi na Gandhi. A tuna cewa 1931 shekara ɗaya ce bayan tattakin gishiri, Turawan Ingila na mulki, suna kuma tace abin da ake nunawa. Me ya haɗa mawaƙin da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce da Gandhi? Ta fuskar tsarin labari babu. Amma ta fuskar masu kallo akwai, domin waƙa ita ce ƙofar da zancen yau ke bi ya shiga tsohon labari. Wannan ya nuna cewa tun ranar farko waƙar fim a ƙasar Tamil tana ɗauke da saƙon da ya wuce nishaɗi.

Batu na biyu, wanda ya fi kusa da fagena, shi ne harshe. Rajalakshmi da Tamil take magana. Jarumin, P. G. Venkatesan, da Telugu yake mayar mata. L. V. Prasad, wanda ya fito a ƙaramin matsayi, an ce da Hindi ya yi nasa. Shi wannan Prasad ya kafa tarihin da ba wanda zai sake kafawa, domin ya fito a Alam Ara da Kalidas da Bhakta Prahlada na 1932, wato finafinan farko masu magana na Hindi da Tamil da Telugu. Saboda wannan gauraye, akwai masu cewa bai dace a kira Kalidas fim ɗin Tamil na farko ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: Tamil da Telugu dangi ne, amma mai jin ɗaya ba ya jin ɗayan sai ya koya, to yaya za a ba harshe fim ɗin da jaruminsa bai furta shi ba?

A nawa ra'ayin, masu wannan magana suna auna jiya da ma'aunin yau. A 1931 babu jihar Tamil Nadu. Abin da ke akwai shi ne lardin Madras na Turawa, wanda ya haɗa masu Tamil da masu Telugu da masu Malayalam da masu Kannada. Sai a 1953 aka yanke wa masu Telugu jihar Andhra, sai a 1969 ragowar ta ɗauki sunan Tamil Nadu. A kasuwannin Madras na wancan lokaci, wani ya yi tambaya da Tamil a amsa masa da Telugu ba abin mamaki ba ne. Hasali ma, Tyagaraja, babban ginshiƙin kiɗan Karnatik, a tsakiyar ƙasar Tamil ya rayu, a garin Tiruvaiyaru, ya rasu a 1847, amma da Telugu ya yi yawancin waƙoƙinsa. Saboda haka fim ɗin ya fito da bakin birnin kamar yadda yake. Mu masu nazarin harshe mun san cewa iyakar da ke tsakanin harsuna a taswira ta fi wadda ke tsakaninsu a bakin mutane kaifi. Abin da ya ba Kalidas matsayinsa shi ne cewa a cikinsa Batamile ya fara jin harshensa na fitowa daga majigi, kuma wannan ba abin da za a ƙwace masa ba ne.

Amma kada a ɗauka cewa ina nufin gaurayen shi ne abin koyi. Abin koyi shi ne abin da Tamilawa suka yi bayan haka. Ba su tsaya zagin Bombay ba, sun gina nasu. A 1934 A. Narayanan ya ɗauki Srinivasa Kalyanam a Madras, a ɗakin sautin da ya kafa, 'yan wasa suka huta da doguwar tafiya. A fagen kiɗa, aka tayar da yunƙurin a riƙa rera waƙoƙin Tamil a manyan tarukan da Telugu da Sanskirit suka mamaye, har aka kafa ƙungiyar Tamil Isai Sangam a 1943 da tallafin Raja Annamalai Chettiar. A fagen zance kuwa, Tamil ɗin finafinan farko cike yake da kalmomin Sanskirit, irin na malaman addini da manyan gida. Marubutan yunƙurin Dirabidiya, irin su C. N. Annadurai da M. Karunanidhi, suka shigo da wani salo na daban, Tamil mai kari da amsa-amo, mai kaifi, wanda ke gudun kalmar aro in akwai ta gida. A 1952 fim ɗin Parasakthi ya fito, Karunanidhi ya rubuta zancensa, Sivaji Ganesan ya fara fitowa a cikinsa, kuma jawabinsa a gaban kotu ya zama abin da matasa ke haddacewa kamar waƙa. An yi ta kiran a haramta fim ɗin saboda sukar da ya yi wa malaman addini da bambancin jinsi, amma bai hana shi kasuwa ba. Shekara 21 ke nan tsakanin fim ɗin da jaruminsa bai yi Tamil ba da fim ɗin da ake zuwa kallo don a ji Tamil. Annadurai ya zama babban ministan jihar a 1967, Karunanidhi ya gaje shi a 1969, ɗan wasa M. G. Ramachandran ya hau a 1977. Ko mutum na son siyasarsu ko ba ya so, dole ya yarda cewa sun gane abin da harshe a fim ke iya yi.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Mun shafe shekaru muna kallon finafinan Indiya a sinimomin Kano da Kaduna da Jos, kuma tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, musamman daga lokacin Sangaya, gardamar waƙa da rawa a fim ɗin Hausa ba ta lafa ba. Wasu na cewa a cire waƙa ɗungurungum domin kwaikwayon Indiya ce, wasu na cewa in babu ita fim ba ya sayuwa. Ina ganin ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Tatsuniyar Bahaushe da waƙa a cikinta, tashe da waƙa ake yin sa, 'yan mata na da waƙoƙin gaɗa, mata na da na niƙa da na daɓe. Waƙa a tsakiyar labari ba baƙuwarmu ba ce. Bambancin shi ne Tamilawa sun ɗauko waƙar fim ɗinsu daga wasan daɓensu da kiɗansu, suka kawo gwanayensu na gaske gaban kyamara, mu kuwa sau da yawa karin wasu muke ɗauka mu liƙa masa kalmomin Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Idan aka tilasta kalma ta bi karin da ba a gina shi dominta ba, sai a ja gajere a taƙaita dogo, kunne ya ji wani abu ya karkace ko da mai saurare bai san sunan abin ba. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ya san yadda kalma ke zama daram a kan kiɗan da aka yi dominta. Tambayar da ta dace ita ce: waƙar wa ake rerawa, kuma wane aiki take yi a labarin?

Batu na uku shi ne mafi ɗaci. Kalidas ya ɓace. Babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a duniya, haka ma Alam Ara, haka ma Keechaka Vadham. Finafinan lokacin a kan wani irin zare ake buga su mai saurin kama wuta, wanda kan ruɓe in zafi da laima sun yi yawa, wasu kuma sayar da su aka yi aka narke don a cire azurfar da ke jiki. Ba a kafa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a birnin Pune ba sai 1964, lokacin da yawancin na farkon sun riga sun salwanta, sannan a 2003 gobara ta cinye wasu tsofaffin da aka tattara a can. Abin da ya rage na Kalidas shi ne tallace-tallacen jarida da sharhin da aka rubuta a kansa da 'yan hotuna. Wannan ne ya sa gardamar yawan Tamil da yawan Telugu a cikinsa ba za ta ƙare ba, domin shaidar da za ta raba gardama ta tafi. Ga mai nazarin harshe asarar ta wuce ta fim ɗaya. Da yana nan, da mun ji yadda ake furta Tamil ɗin daɓe a 1931, da yadda masu harsuna biyu ke musayar zance, abin da babu littafin nahawun da zai iya ba mu.

Idan haka ta faru ga ƙasar da ke da kamfanoni da ɗakunan aiki da jaridun da ke sharhi, ina ga mu da muka fara a kan kaset na bidiyo, wanda ƙura da zafi ke cinyewa cikin 'yan shekaru? Ɗaruruwan finafinan Hausa na shekarun 1990 suna ɗauke da Hausar Kano ta wancan lokaci, da karin maganarta da salon zagi da na yabo da kalmomin da suka shigo suka fita. Waɗanda suka shirya su da yawa suna raye, wasu kaset ɗin na nan a ƙarƙashin gado ko a bayan shago. Aikin da ke gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya da na aikin jarida a jami'o'inmu, da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, da su kansu ƙungiyoyin masu shirya fim, shi ne su tattara su, su juye su a na'ura, su rubuta sunan wanda ya yi da shekarar da aka yi da wanda ya rera kowace waƙa. Ba sai fim ya yi kyau ba kafin a adana shi. Kalidas ma, bisa ga sharhin da aka yi masa a zamaninsa, ba gwanin kyau ba ne, amma yau Tamilawa za su biya ko nawa ne don su sami minti biyar daga cikinsa.

Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Tamilawa sun yi nasarar mayar da fim ɗin da aka fara musu a garin wasu ya zama nasu, da harshensu da kiɗansu, amma sun makara wajen adana mafarinsa. Muna da damar mu koyi na farkon, mu kuma kauce wa na biyun. Allah ya sa masu abin su ji.